Birnin Damagaram: Ruwa Daga Ƙauye, Shara Zuwa Ƙauye

Ƴan uwa manoma da makiyaya, babu wanda ba ya da hulɗa da birnin Damagaram, wanda a takardun gwamnati ake rubuta shi Zinder. Wani yakan kai gero ko wake kasuwar Dole. Wani yakan kora tumaki ran Alhamis, ranar babbar kasuwa. Wani ya kai marar lafiya babbar likita. Wani kuma ɗansa na can yana cin rani.

Duk wanda ya shiga garin zai ga kwalta da fitilu da manyan gidaje. Zai kuma ga layin bido a bakin famfo, da juji a gefen hanya, da baƙar leda ta maƙale a kan ƙaya. Mutane da yawa sukan ce wannan damuwar ƴan birni ce, ba ruwan mutumin ƙauye. To, a duba da kyau. Ruwan da birni ke sha daga ƙauye yake zuwa. Itacen da yake girki da shi daga daji yake zuwa. Sharar da ya zubar kuwa, ƙarshenta gonar manomi ne da cikin akuyar makiyayi.

Gari a kan dutse

Matafiyin da ya taso daga Mirya, tafiyar kilomita 18 ce ke tsakaninsa da Damagaram. Tun kafin ya iso zai fara ganin manyan duwatsu, wani bisa wani, kamar an ɗora su da hannu. Cikin garin ma haka suke, a tsakanin gidaje. Abin da ido ke gani kaɗan ne. Ƙarƙashin ƙasar garin ma dutse ne, irin mai taurin nan da ruwa ba ya ratsa shi.

A ƙauyen da ke kan rairayi, in an yi ruwan sama ƙasa takan shanye shi, ta ajiye shi a ƙarƙashi. In an gina rijiya sai a tarar da shi. A Damagaram abin ba haka yake ba. Ruwa ya sauka bisa dutse, sai ya gangara ya taru a kwari. Mai ginar rijiya bai yi nisa ba zai ci karo da dutse. In ma ya samu ruwa, ba mai yawa ba ne.

Sarki Sulaiman ne ya mai da gadon sarautar Damagaram nan a farkon ƙarni na 19. Ɗansa Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi ya kewaye Birni da ganuwa, garin ya yi suna har Kano da Barno da Agadas. A lokacin mutane ba su da yawa, rijiyoyi da tabkuna na ɗaukar nauyinsu. Faransawa suka ci garin a 1899. A 1911 suka mai da shi babban birnin ƙasa. A 1926 suka kwashe suka koma Yamai, bakin kogi. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan wannan ƙaura.

Garin bai daina girma ba. A ƙidayar jama'a ta 2012 an samu mutum fiye da 320,000 a cikin gundumomi biyar na birnin. Tun daga nan an ƙaru ƙwarai. Dutsen kuwa yana nan yadda yake.

Inda ruwan famfo ke fitowa

Tunda babu ruwa a ƙarƙashin gari, dole aka fita nemansa a waje. Tun zamanin Turawa aka fara jawo shi daga Gogo, kudu da gari, tafiyar kilomita 20 da ɗoriya. Daga baya aka haɗa da Macaya. Wurin kwari ne mai yashi. An yi madatsai don su tare ruwan damina ya kwanta, ƙasa ta shanye shi, sannan injuna su jawo shi daga rijiyoyi su turo shi cikin bututu. Ke nan ruwan Gogo da Macaya ɗan damina ne. Shekarar da aka yi ruwa da kyau rijiyoyin sukan cika. Shekarar fari sukan ja baya.

Da wannan ya kasa, sai aka juya arewa, wajen Arunguza da Ganaram, inda ruwa ke da zurfi a ƙarƙashin ƙasa. A 2005 aka gama wani babban aikin jawo ruwa da taimakon ƙasar Sin. Kamfanin gwamnati da ake kira SPEN shi ke da rijiyoyi da bututu da tankuna. Rabon ruwa da karɓar kuɗinsa kuwa, kamfanin SEEN ne ya riƙe daga 2001 zuwa ƙarshen 2023. Daga watan Janairu na 2024 aikin ya koma hannun kamfanin ƙasa, NDE.

Duk da haka, in bazara ta kama, daga Maris zuwa Yuni, unguwannin da ke kan tudu da na bakin gari sukan sha wuya. Famfo ya yi shiru da rana, sai tsakar dare ya kawo. Mata da yara su kwana a bakin layi. Ƴan ga-ruwa su tura kura cike da bido, kuɗin bido ya hau. Mai famfo a gidansa yana biyan kuɗi kaɗan. Talakan da ke saye bido-bido shi ke biyan mai yawa.

Manomin da gonarsa ke kusa da irin wannan kwari ya san cewa ruwan da ya bi ta gonarsa wani zai sha shi a birni. In tudun da ke kewaye da kwarin ya zama fako, ruwa zai sauko da gudu, ya kwaso yashi ya cike madatsa. In akwai itatuwa da ciyawa da jerin duwatsu, ruwan zai sauko a hankali ya shiga ƙasa. Gona ta samu danshi, rijiyar ƙauye ta samu, birni ma ya samu.

In damina ta faɗi

Matafiyi in ya shiga Birni zai ga lunguna ƴan ƙanana, da gidajen ƙasa masu zane a fuska, da fadar Sarkin Damagaram. Duk ƙasar da aka yi wannan gini da ita a nan kusa aka haƙo ta. Ramukan da aka bari su ne kududdufai da tabkunan gari. Magabata sun san amfaninsu. Nan ruwan unguwa ke gangarawa. Nan ake shayar da dabbobi, nan ake buga tubali da rani.

Ruwan da ke sauka a Damagaram a shekara bai cika wuce milimita 400 da wani abu ba, a ma'aunin malaman gona. Yawancinsa kuma a Yuli da Agusta yake zuwa. Wani lokaci ruwan dare ɗaya ya kai na rabin wata. Tunda dutse ba ya sha, dole ruwan nan ya samu hanya da masauki.

A nan ne hannun mutum ya shigo. Da gari ya cika, sai aka riƙa zuba shara a cikin kududdufai har su cike, a yi gini a kai. Wasu suka yi gida a kan hanyar ruwa, don fili ya fi araha a nan. Magudanan da aka gina a gefen kwalta kuma yashi da leda suka toshe su. Hausawa sun ce ruwa ba ya mance hanyarsa. In ya zo ya tarar an tare masa, sai ya shiga gidaje. Ginin ƙasa in gindinsa ya jiƙa kwana biyu, faɗuwa zai yi.

Daminar 2024 ta nuna wannan a fili. A duk faɗin Nijar kusan mutum 400 suka rasa rayukansu, ambaliyar ta shafi mutum wajen miliyan 1 da rabi. Har komawar yara makaranta sai da aka ɗaga zuwa ƙarshen Oktoba, saboda waɗanda gidajensu suka rushe suna zaune a cikin azuzuwa. A Damagaram, ran 3 ga Satumba, tsohon masallacin Birni da aka gina da ƙasa a tsakiyar ƙarni na 19 ya rushe. Ya ga damina fiye da 150 kafin wannan.

An yi ayyuka don rage wannan ɓarna. A 2018, da aka yi bikin 18 ga Disamba a garin, wanda aka sa wa suna Zinder Sabuwa, an shimfiɗa sababbin hanyoyi. Ma'aikatar magajin gari kan sa a yashe magudanai kafin ruwa ya sauka. Matasan unguwa ma sukan yi gayya, kamar yadda samariya ke yi a zamanin Shugaba Seyni Kountché. Sai dai magudanar da aka yashe ran Asabar, in an zuba mata shara ran Lahadi, aikin ya koma baya.

Ruwan da ya kwanta

Bayan damina tabkunan gari sukan daɗe da ruwa. Ruwan wanka da na wanki na gangarawa ciki. Inda babu salga, bayan gida ma ruwa na kwasowa ya kai can. Sauro ya yi ƙwai, zazzaɓin cizon sauro ya kama yara. Yaran da ke wanka a ciki sukan kamu da tsargiya, wato fitsarin jini. In aka sha ruwan da ƙazanta ta shiga, sai gudawa, wani lokaci amai da gudawa mai kisa. A 2021 wannan annoba ta kama mutum fiye da 5,000 a Nijar, jahar Damagaram na cikin inda ta taɓa.

Ciwo ba ya tsayawa a ƙofar gari. Mutum ya je kasuwa ya sha ruwa, ya koma ƙauye da daddare, gobe gidansa duka sun kwanta. Saboda haka wanda zai shiga birni ya lura da abin da zai sha. Ruwan da ba a yarda da shi ba a tafasa shi, ko a sa masa ƙwayar tsabtace ruwa yadda malaman likita suka nuna. A wanke hannu da sabulu ko toka kafin cin abinci.

Kada wani ya ce wannan ƙaramin abu ne. Dattawan ƙasar Mirya sun san kurkunu, wanda yakan kwantar da manomi a tsakiyar noma. Da me aka kore shi? Da ƙyallen tace ruwa, da rijiyoyi masu kyau, da hana mai ciwon shiga tabki. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar babu sauran kurkunu a Nijar.

Juji da baƙar leda

Daga Birni matafiyi ya yi arewa zuwa Zango, tsohon masaukin ayarin fatake da Buzaye. Tsakanin unguwannin biyu akwai sabon gari da ofisoshi da kasuwa. A nan ne zai ga yawan shara. Masu amalanke na bi gida-gida suna kwasa a biya su. Motocin ma'aikatar gari na ɗiba daga manyan jujaye su fitar bayan gari. Abin da ake zubarwa kullum ya fi ƙarfin abin da ake kwashewa.

A dā sharar birni dukiya ce. Toka ce, da kashin awaki, da ƙaiƙayi, da sauran abinci. A ƙasar Kano an daɗe ana kai itace birni bisa jaki, a komo da taki a mangala. Manoman kewayen Damagaram ma sun san wannan, har yau suna sayen shara a zuba musu a gona. Amma sharar yanzu ta canza. A cikinta akwai leda, da fasasshiyar kwalba, da batirin tocila, da gwangwani, wani lokaci har da allurar da aka yi wa marar lafiya.

Leda ba ta ruɓewa kamar kara. Takan yi shekaru da yawa a cikin ƙasa. Inda ta kwanta ruwa ba ya shiga da kyau, saiwar gero ba ta samun hanya. Iska kuma ta kwashe ta zuwa makiyaya. Da rani, sa'ad da ciyawa ta ƙare, akuya da tunkiya da saniya sukan haɗiye ledar da ke da ƙanshin abinci ko gishiri. Cikin dabba ba ya narka ta. Sai ta taru ta dunƙule a cikin tumbi. Dabba ta rage ci, ta yi ta ramewa, ciki ya yi tauri, kashi ya ragu. Mai ita ya yi ta sayen magani a banza. Mahauta sun san wannan, don sukan fasa tumbi su fito da dunƙulen leda da igiya.

Gwamnati ta kafa doka a watan Nuwamba na 2014, wadda ta hana yin irin wannan leda marar kauri, da shigo da ita, da sayar da ita. Wanda ya zaga kasuwa zai ga dokar ba ta kai ga teburin mai tumatir ba tukuna. Mai saye ne ke miƙa hannu ya karɓa. In ya zo da kwando ko ƙwarya ko buhunsa, leda ɗaya ta ragu.

Itacen girki

Da asuba, ta kowace ƙofar gari, amalanke da jakuna da raƙuma da motoci na shigowa da itace da gawayi. Gidaje dubbai ne ke hura wuta sau biyu ko uku a rana. Dajin da ke kusa ya daɗe da ƙarewa, masu sara sai ƙara nisa suke yi. Inda aka sare aka bar fili, iska ta kwashe ƙasa mai kyau, makiyayi ya rasa inuwa da ganye.

An nemi magani ta hanyoyi da dama. Tun 1975 ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itace. A 1984 aka yi babban taro a Maraɗi kan yaƙi da hamada. A 1992 aka yi dokar da ta buɗe kasuwannin itace na karkara, don mutanen ƙauye su riƙe dajinsu, su sayar da itace bisa ƙa'ida, wani kaso na harajin ya zauna a ƙauyen. An kuma yaɗa murhu mai cin itace kaɗan, irin su Mai Sauƙi na ƙarfe da Albarka na laka. Wanda ya bi hanyar Tanut, kamar kilomita 50 daga gari, zai ga matatar man fetur ta SORAZ da aka buɗe a 2011. Tana iya tace ganga 20,000 a rana, tana kuma fitar da gas na girki. Gidan da ya koma girki da gas ya rage wa daji nauyi.

Babban aiki kuwa manoma ne suka yi shi da kansu. Wanda ya bi hanyar Matamai ko Magarya zai ga gawo a cikin gonaki, wani wuri kamar daji. Ba dasa su aka yi ba. Bayan farin 1984 manoma suka riƙa barin tohon da ya fito da kansa, su sassabe masa, su kiyaye shi. Gawo na zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana. Ganyen ya zama taki, ƴaƴansa abincin dabbobi ne da rani, rassan da aka rage kuma su ne itacen girki. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya hekta wajen miliyan 5 ta farfaɗo a Nijar, ƙasar Mirya da Magarya da Matamai na kan gaba. Tsofaffi na ba da labari cewa sarakunan Damagaram na dā sun hana saran gawo, da hukunci mai tsanani. Jikokin talakawansu sun riƙe wannan doka ba tare da dogari ba.

Abin da ke hannun mutumin ƙauye

Jawo ruwa daga nesa, da gina magudanai, da sayen motocin shara, da hana gini a kan hanyar ruwa, aikin hukuma ne. Jama'a na da haƙƙin su tuna mata. Amma akwai abin da ba sai an jira kowa ba.

Manomin da zai sayi sharar birni, kada ya watsa ta a gona yadda ta zo. A fara tsince leda da kwalba da batir da ƙarfe. A yi amfani da cebur ko manjagara, kada a sa hannu tsirara, kada a bar yara su yi wannan aiki. Abin da ya rage a zuba shi a rami, a haɗa da kashin dabbobi da toka, a yayyafa ruwa, a rufe da kara. Duk bayan mako biyu a juya. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, warinsa ya tafi. Shi ne takin da gero ke so.

Ledar da aka tsince kada a ƙone ta kusa da gida, hayaƙinta na cutar da ƙirji. A tara ta a rami mai zurfi, nesa da rijiya, a binne. Batir na da guba, shi ma kada a jefa shi kusa da ruwa.

Makiyayin da ya kawo dabbobi kasuwa ya kau da su daga juji. Da rani a ba su kanwa ko gishirin lasa, don dabbar da jikinta ke neman gishiri ita ta fi tauna abin da ta tsinta. In dabba na ramewa ba a san dalili ba, a kai ta wurin ma'aikatan kiwo tun da wuri.

Wanda zai koma birni da zama, ko zai saya wa ɗansa fili, ya tambayi tsofaffin wurin ta ina ruwa ke bi da damina. Filin da aka samu da araha a cikin kwari, ranar ambaliya ake biyan cikon kuɗinsa. A ƙauye ma, yanzu da gidaje ke ƙaruwa, kada a cike kududdufi da shara. A bar wa ruwa masaukinsa. Kowane gida ya yi salga, nesa da rijiya.

Ƙauyuka da yawa na yau gobe garuruwa ne. Abin da ya samu Damagaram yana iya samun Mirya da Gure da Tanut da kowane gari mai kasuwa. In gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A karanta wannan a wurin karatun manya, a karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna, a tattauna a gaban mai gari kafin ruwan fari ya sauka.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya kiyaye jama'a da dukiyarsu.